KAMA DA WANE BA TA WANE: Masu Tara Tsofaffin Mutum-mutumin Wasa Masu Rikiɗa

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2024, gidan adana kayan wasa na Strong da ke birnin Rochester a Jihar Niyok ta ƙasar Amurka, ya sanya Transformers cikin jerin kayan wasan da ya karrama saboda daɗewarsu a hannun yara. Wannan karramawa ta zo ne shekara 40 cif bayan da kamfanin Hasbro ya fara sayar da su a 1984. Ga wanda bai san su ba, Transformers wasu ƙananan mutum-mutumi ne na roba da ƙarfe, waɗanda ake naɗe musu hannuwa da ƙafafu, a cusa kai cikin ƙirji, sai su koma mota ko jirgin sama ko rikoda. In an warware su kuma, su sake tsayawa da ƙafafu biyu kamar mayaƙa.

Yaran da aka saya wa waɗannan kaya a wancan zamani yanzu sun zama magidanta, wasu ma furfura ta fara fito musu. Da yawa daga cikinsu, a Amurka da Japan da ƙasashen Turai, sun koma suna farautar abin da suka fasa ko iyayensu suka zubar, suna biyan kuɗi masu kauri don su mallake shi. Abin mamaki a wannan kasuwa shi ne, za a ajiye motocin wasa biyu a kan tebur, launi ɗaya, suna ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar. Bambancin kuwa bai wuce girman dunƙulen hannu ba, ko irin tayar da aka sa, ko wani ɗan rubutu da aka buga a ƙarƙashin mota.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka wauta ce ta masu kuɗin banza. Amma in aka bi diddigi za a tarar kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan bambance-bambance yana da dalili: wani dokar ƙasa ce ta kawo shi, wani tsadar kayan aiki, wani kuma rigimar mallaka tsakanin kamfanoni. Saboda haka mai tara waɗannan kaya, in ya san abin da yake yi, tarihin ciniki da masana'antu yake karantawa a jikin roba.

ASALINSU DAGA JAPAN NE

Ko da yake a Amurka suka yi suna, a Japan aka haife su. A 1974 kamfanin Popy, wani reshe na Bandai, ya fara zuba mutum-mutumin wasa da ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashin sunan Chogokin. Shekara ɗaya bayan haka, watau 1975, ya fito da Raideen, wanda ake naɗe shi ya koma siffar tsuntsu, kuma shi ake ɗauka a matsayin kakan duk masu rikiɗa.

Amma gidan da Transformers suka fito kai tsaye shi ne kamfanin Takara na birnin Tokyo. A 1974 Takara ya fito da wasu 'yan mutane na roba masu tsawon kamar santimita 10, ya kira su Microman. Labarin da aka ƙaga musu shi ne, baƙi ne daga wata duniya, kuma ainihin girmansu ke nan, suna ɓuya a cikin ɗakunan yara. A 1980 kuma ya ƙara wani jeri mai suna Diaclone, na injunan yaƙi waɗanda 'yan ƙananan direbobi masu maganaɗisu a tafin ƙafa suke shiga su tuƙa.

A 1982 aka ƙara wa Diaclone motoci irin na kan titi masu rikiɗa su zama mutum-mutumi. Ta farkonsu ita ce Lamborghini Countach, wadda wani ma'aikacin Takara mai suna Kojin Ono ya tsara. A 1983 shi ma Microman ya sami nasa jerin masu rikiɗa, Micro Change, waɗanda suke komawa kayan da ake iya gani a gida: ƙaramar bindiga, rikoda da kaset, kyamara, madubin likita, da 'yan motocin wasa.

YADDA AKA HAƊA SU GARKE ƊAYA

Wakilan Hasbro sun ga waɗannan kaya a bikin baje kolin kayan wasa na Tokyo a 1983, suka ƙulla yarjejeniya da Takara. Sai suka haɗa Diaclone da Micro Change wuri ɗaya, suka ba su suna guda. Daga nan aka miƙa wa kamfanin Marvel, masu buga labarai cikin zane, aikin ƙaga musu tarihi. Jim Shooter ya tsara labarin yaƙin ɓangarori biyu, Autobots na kirki da Decepticons mugaye. Denny O'Neil ya raɗa wa jagoran na kirki suna Optimus Prime, sa'an nan Bob Budiansky ya raɗa wa mafi yawan sauran, har da Megatron, ya kuma rubuta wa kowanne halinsa a bayan kwali.

Wannan haɗin gambiza shi ne tushen wani abu da yake ɗaure wa baƙo kai. Optimus Prime kan tirela ne, daga Diaclone ya fito, inda ake kiransa Battle Convoy. Abokin gabansa Megatron kuwa ƙaramar bindiga ce ƙirar Walther P-38, daga Micro Change. In aka tsayar da su sai a ga bindigar hannu ta yi kafaɗa da kafaɗa da tirela, domin tun asali ba a yi su da ma'auni ɗaya ba.

Lokacin ma ya yi wa Hasbro daidai. A zamanin mulkin Shugaba Ronald Reagan, hukumar kula da sadarwa ta Amurka, a ƙarƙashin Mark Fowler, ta sassauta ƙa'idojin talla a talabijin, ta janye iyakar da aka sa a 1984. Majigin zane na Transformers ya fara a watan Satumba na wannan shekara, aka yi kashi 98 zuwa 1987. Ƙungiyoyin iyaye sun yi ta kukan cewa talla ce ta rabin sa'a aka sa mata rigar wasan kwaikwayo, amma sai a 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta sake sa iyaka ga tallan da ake yi a shirye-shiryen yara.

ABIN DA DOKA TA TAƁA

Bambanci na farko da mai tarawa yake koyo shi ne wanda ke tsakanin na Japan da na Amurka. In aka buɗe ƙirjin Optimus Prime za a ga kujeru, amma babu mai zama. Kujerun direbobin Diaclone ne, waɗanda Hasbro ya cire saboda a sabon labarin injunan rayayyu ne, ba sa bukatar matuƙi. A rukunin farko na 1984 har da farantan ƙarfe a daɓen tirelar, inda ƙafafun direbobin masu maganaɗisu suke mannewa. Daga baya aka maye gurbinsu da takardar liƙawa. Waɗannan na farko ana kuma gane su da manyan dunƙulen hannu da bindiga mai kauri, kuma 'yar motar da ke cikin tirelar ruwan toka ce, kafin a mai da ita shuɗiya.

Na biyu shi ne ƙarfin harbi. Yawancin kayan Takara suna da sifirin mai cilla 'yan harsasan roba. To, a ƙarshen 1978 wani yaro ɗan shekara 4 ya rasu a Amurka bayan da irin wannan harsashi, na wani jirgin wasa na kamfanin Mattel, ya shaƙe shi. Tun daga nan kamfanonin ƙasar suka shiga taitayinsu. Saboda haka Hasbro ya rage ƙarfin sifirin ɗin, a wasu ma ya kashe shi gaba ɗaya. Megatron na Japan yana harba harsasai, na Amurka kuwa ba ya yi.

Megatron ya sake cin karo da doka. A 1988 aka kafa dokar tarayya a Amurka wadda ta tilasta sa alama mai ruwan lemo a bakin duk wata bindigar wasa, don kada 'yan sanda su ɗauke ta ta gaske. Da Hasbro ya farfaɗo da jerin a 1993, sai ya mai da Megatron tankar yaƙi. Takara ya sake zuba tsohuwar bindigar a Japan, amma Hasbro bai sake sayar da ita a kantunan Amurka ba, abin da ya ƙara wa ta 1984 daraja.

Akwai kuma batun tambarin kamfanoni. Yawancin motocin kwaikwayon motocin tsere ne na gaske, waɗanda jikinsu ke ɗauke da sunayen masu ɗaukar nauyinsu. Don kauce wa ƙara, sai aka riƙa ɓata harafi ɗaya. Sunan kamfanin jiragen saman Italiya, Alitalia, ya koma Alitalla a jikin Wheeljack. Sunan tabar Gitanes ya koma Citanes a jikin Mirage. Akwai ma wani Wheeljack na Diaclone mai launin kwalin taba Marlboro, wanda aka rubuta wa Marlboor. Wannan bai shiga jerin Hasbro ba, don haka yana cikin waɗanda ake nema ruwa a jallo.

TAMBARIN DA AKE MURZAWA

Da kasuwa ta buɗe, sai masu kwaikwayo suka yi caa. Ga kuma abokin hamayya na halal, watau GoBots na kamfanin Tonka, waɗanda suka riga Transformers shiga Amurka a 1983, su ma daga Japan aka ɗauko su. Hasbro ya kai wani kamfani mai suna Sparkle Toys ƙara saboda kwaikwayon mutum-mutuminsa biyu, Topspin da Twin Twist. Hujjar wanda ake ƙara ita ce, rukunin farko da Takara ya zuba ba ya ɗauke da alamar haƙƙin mallaka. A 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Niyok ta ba Hasbro gaskiya.

A wannan shekara ce aka fara liƙa musu wani baƙin tambari wanda zafin jiki yake tayarwa. In yaro ya murza shi da babban yatsa, sai alamar Autobots ko ta Decepticons ta bayyana. An tallata shi a matsayin shaidar na gaskiya. Ga masu tarawa kuwa ya zama kalanda: wanda ba shi da tambarin, kuma babu alamar an ɓamɓare shi, to na 1984 ne. Haka nan rubutun da ake zubawa a jikin roba. Na farko sunan Takara kaɗai suke ɗauke da shi, daga baya aka ƙara na Hasbro, kuma da aka fara zuba wasu a wajen Japan, sai aka toshe sunan ƙasar a jikin mazubi, ya bar ɗan tudu inda rubutun yake a da.

TSADAR ƘARFE

Duk wanda ya ɗaga mota ta 1984 zai ji nauyi a hannu, domin an sa ƙarfen zubi a ƙirji ko a ƙafafu, tayoyin kuwa na roba mai taushi ne kamar na motar gaske. Wannan bai ɗore ba. A watan Satumba na 1985 ministocin kuɗi na Amurka, Japan, Jamus ta Yamma, Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya a otal ɗin Plaza na Niyok a kan rage darajar dala. A lokacin dala ɗaya tana kusan yen 240, amma kafin ƙarshen 1987 ta faɗo ƙasa da yen 130. Ma'ana, duk abin da aka ƙera a Japan ya kusa ninka kuɗinsa ga mai saye da dala.

A cikin waɗannan shekaru ne ƙarfe ya riƙa ɓacewa daga jikin Transformers, aka kuma riƙa ganin sunayen Makawo da Taiwan a ƙarƙashinsu. Kayan 1986 su ne suka faɗa tsakiyar canjin, shi ya sa da yawansu suke da iri biyu. Akwai Hot Rod mai yatsun ƙafa na ƙarfe, akwai mai na roba. Akwai Ultra Magnus mai tayoyi masu taushi, akwai mai busassu masu tauri. Kwali ɗaya ne, suna ɗaya, amma masu tarawa sun fi son na farkon, saboda su ne kafin a fara tsumulmula.

BAƘI A CIKIN GARKE

Bukatar kasuwa ta yi yawa har kayan Takara suka kasa isa, sai Hasbro ya shiga sayen lasin daga wasu kamfanoni. Mafi shahara a cikin waɗannan baƙi shi ne Jetfire na 1985. Asalinsa jirgin yaƙi ne mai suna Valkyrie daga majigin Japan na 1982 mai suna Macross, wanda Shoji Kawamori ya zana, kamfanin Takatoku kuma ya ƙera. Takatoku ya karye a 1984, mazubansa suka ƙare a hannun Bandai, babban abokin hamayyar Takara. Saboda haka ba a sayar da Jetfire a Japan ba, kuma a majigin Transformers aka sake masa siffa, aka kira shi Skyfire.

Wannan yawo daga hannu zuwa hannu ya bar sawu. Rukunin farko na Jetfire yana ɗauke da sunan kamfanin Matsushiro, kuma a fiffikensa akwai alamar rundunar Macross da ba a goge ba. Na baya suna ɗauke da sunan Bandai. An kuma dakushe hancin jirgin don kada ya tsone wa yaro ido.

Shi ma Shockwave baƙo ne, daga wani kamfani mai suna ToyCo. Hasbro ya mai da shi shunayya, amma a daidai wannan lokaci kantunan Radio Shack suna sayar da shi a launinsa na toka da sunan Galactic Man. Dukansu halal ne, mazubi ɗaya, sai dai ɗaya yana da labari a bayansa, ɗayan ba shi da shi, kuma kasuwa ta san bambancin.

KUSKUREN DA YA ZAMA DUKIYA

Wasu bambance-bambancen kuwa gaggawa ce ta haife su. Bluestreak, kamar yadda sunansa ya nuna da Turanci, ya kamata ya zama shuɗi, kuma shuɗin aka zana a kwalinsa. Amma duk yaron da ya buɗe kwalin sai ya tarar da mota mai ruwan azurfa. Shuɗin yana nan, amma a Diaclone kaɗai. Shekaru da yawa wasu suna rantsuwa cewa sun taɓa mallakar shuɗi a kwalin Hasbro, amma har yau ba a sami wanda ya kawo shi a liƙe ba tare da an taɓa buɗewa ba.

Haka nan Bumblebee, 'yar motar Volkswagen, rawaya ce a labari, Cliffjumper kuma ja. Amma a kantuna an sayar da jan Bumblebee da rawayan Cliffjumper, domin a Micro Change ana zuba kowacce da launi fiye da ɗaya. Har ila yau, an riƙa samun wata mota ta uku, ƙirar Mazda Familia, a cikin kwalin Cliffjumper, alhali ba ta cikin jerin kaya, ba ta ma da suna. Masu tarawa ne suka haɗa sunayen biyu suka raɗa mata Bumblejumper. Akwai kuma Swoop, wanda a majigi ƙirjinsa shuɗi ne saboda masu zane sun duba na Japan, amma na kanti ja ne.

KOWACE ƘASA DA NATA

Kafin Hasbro ya kammala shirin shiga Turai, Takara ya riga ya ba wasu kamfanoni lasin. A Italiya kamfanin GiG yana sayar da su da sunan Trasformer, babu harafin n. A Faransa kamfanin Joustra ne ke da izinin Diaclone. Da Hasbro ya iso a 1985, ta hannun Milton Bradley wanda ya saya a 1984, sai ya tarar kan tirelar nan yana hannun Joustra. Don haka a takardun tallan farko na Turai, Jetfire aka nuna a matsayin jagoran Autobots. A can ne kuma aka sayar da Tracks ja, alhali a Amurka shuɗi ne. Akwai ma Optimus Prime da aka zuba a Faransa mai jajayen ƙafafu maimakon shuɗɗa.

A Kudancin Amurka da Meziko kuwa, inda gwamnatocin wancan zamani suka tsaurara shigo da kaya don kare masana'antun gida, sai aka ba kamfanonin cikin gida lasin su zuba da kansu. Estrela ya yi a Barazil, Antex a Ajantina, IGA a Meziko. A Girka ma wani kamfani, El Greco, ya yi nasa. Waɗannan sun fito da launuka da ba a taɓa gani a Tokyo ko Niyok ba, har Estrela ya ƙaga nasa ɓangarorin biyu, Optimus da Malignus. A zamaninsu ana ganin su a matsayin na talaka, ƙananan kaya marasa kyan gamawa. Yau, saboda ƙarancinsu, manyan masu tarawa ne suke bin su.

YADDA AKE SA KUƊI

Masu wannan sha'awa sun fara haɗuwa a fili a 1994, lokacin da aka yi taron BotCon na farko a garin Fort Wayne na Jihar Indiana. Zuwan gwanjon intanet, musamman eBay da aka kafa a 1995, ya haɗa mai saye a Osaka da mai sayarwa a Milan, ya kuma sa aka gano bambance-bambancen da kowace ƙasa ba ta san ɗayar tana da su ba.

Abubuwa uku ne suke yanke farashi. Na farko cikar kaya: dunƙulen hannu, bindigogi da harsasai ƙanana ne, su ne suka fara ɓata a tsakar gida, shi ya sa wani lokaci ɗan hannu guda ya fi gangar jikin wahalar samu. Na biyu lafiyar jiki: ko gaɓoɓi sun saki, ko ruwan azurfa ya goge, ko takardun liƙawa sun ɓare. Na uku kwali. A bayan kowane kwali akwai 'yan maki da yara suke yankewa su aika ta gidan waya don a turo musu wasu na musamman, kamar Reflector mai komawa kyamara, saboda haka kwalin da almakashi bai taɓa ba ya yi ƙaranci. Sarkin duka shi ne wanda ba a taɓa buɗewa ba. Akwai kamfanoni irin su Action Figure Authority waɗanda suke duba kaya, su ba shi maki cikin 100, su rufe shi a akwatin roba mai haske.

A nan ne masu tarawa suka rabu biyu. Wasu suna ganin abin wasan da aka kulle ba a taɓa shi ya tashi daga abin wasa, domin duk hikimar mai zanen tana cikin rikiɗar ne, kuma ba a ganin ta sai an sa hannu. Wasu kuma suna cewa kowace naɗewa tana rage masa kwana, don haka adana shi ne haƙƙin 'yan baya.

JABU DA TSUFA

Maƙiyi na farko a wannan kasuwa shi ne jabu. Dole a bambanta shi da sabon zubi na halal. Takara ya fara sake zuba tsofaffin a 2000, Hasbro ya bi baya a 2002, kuma waɗannan suna da alamunsu. Optimus Prime na Hasbro na 2002 an gajarta masa bututun hayaƙi don kiyaye lafiyar yara. Wasu ma sunayensu sun canza, domin Hasbro ya bar sunayen ba amfani har haƙƙinsa a kansu ya kuɓuce: Hot Rod ya koma Rodimus Major, Bluestreak ya koma Silverstreak.

Jabun gaske kuwa ya fara kwararowa daga ƙasar Sin a tsakiyar shekarun 2000. Masu yin sa sun kwaikwayi mutum-mutumin, da kwalin, da takardar bayani, har da tambarin da ake murzawa da shekarar da aka buga. Mutane da yawa sun biya kuɗin na 1984 sun karɓi na jiya. Abin da yake tona asirinsa shi ne sanin ƙananan bambance-bambancen nan: kwalin wannan shekara a kan mutum-mutumin waccan, ko rubutun ƙasa da bai dace da tayar da ke jiki ba, ko launin bugu da ya yi kauri. Wanda ya raina wannan ilmi, shi ne abincin 'yan damfara.

Maƙiyi na biyu ya fi na farko ƙarfi, domin babu kotun da za a kai shi, watau tsufa. Farar roba tana komawa rawaya in ta sha haske da zafi, kuma Jetfire ya yi ƙaurin suna a kan haka. Wasu suna jiƙa ta a ruwan haidirojin irin wanda ake wanke miki da shi a asibiti, su shanya a rana, ta yi fari, amma sau da yawa rawayar takan dawo, kuma mai gaskiya dole ya gaya wa mai saye an yi. Tayoyi masu taushi suna bushewa su tsage. Mafi muni ita ce roba mai ruwan zinariya da aka yi amfani da ita a ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, wadda take yin gautsi har ta marmashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Black Zarak na Japan na 1988 da Slog na 1989 suna iya karyewa ko a cikin kwalin da ba a buɗe ba. Kowace shekara adadin masu lafiya raguwa yake yi.

Kamfanonin da suka yi wannan gasa yawancinsu sun shuɗe ko sun canza. Takatoku ya karye, Hasbro ya haɗiye Tonka a 1991, Takara ya haɗe da Tomy a 2006. Sabon kamfanin ya farfaɗo da Diaclone a 2016, kuma a 2024 ya fito da wani sabon Optimus Prime mai kama da na da, wanda aka ƙara wa gaɓoɓi, domin magidantan da suka girma da tsohon. Amma yadda aka yi ta gyara mazubi daga wata zuwa wata a masana'antun 1984 da 1985, mafi yawansa masu tarawa ne suka tsara shi, ta hanyar jera kaya gefe da gefe, suna kwatanta hannu da hannu, taya da taya, rubutu da rubutu. Ɗalibin tarihin ciniki da yake son ya ga yadda dokar kare yara, da canjin kuɗi, da haƙƙin mallaka suke sauka a kan kaya guda, zai same su duka a ƙarƙashin wata 'yar jar tirela, in ya juya ta ya karanta.